Wa Ke Yin Me? Tambayoyi da Amsoshi Kan Ƙwararrun da Ke Kula da Ɗabi'a da Lafiyar Ƙwaƙwalwar Yara

Iyayen da suka fita neman taimako ga ɗansu sukan tarar da sunayen ƙwararru barkatai, wannan ya ce a kai shi nan, wancan ya ce can ne ya dace. Mun tattaro tambayoyin da aka fi maimaitawa. Sunayen muƙamai da shekarun horo sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, saboda haka inda muka kawo adadi mun ambaci ƙasar da ya shafa. Rabon aikin kansa kuwa kusan ɗaya ne a ko'ina.

Yaushe ne halin yaro ya wuce ƙuruciya har ya kai a nemi ƙwararre?

Ba halin kaɗai ake duba ba, ana haɗa shi da shekarun yaron. Ɗan shekara biyu da ke birgima idan an hana shi abu yana cikin matakin girmansa ne. Ɗan shekara tara da ke yin haka kullum har ya ji wa kansa ciwo, wannan wata magana ce daban. Abubuwa uku ake aunawa: tsawon lokacin da halin ya ɗauka, tsananinsa, da kuma ko yana hana yaron barci, karatu, wasa da sa'o'insa ko zaman lafiya da mutanen gida. Na ukun nan shi ya fi nauyi.

Baƙin ciki ko saurin fushi da ya kai mako biyu kusan kullum, tare da janyewa daga abubuwan da yaro ke so a da, ya isa dalilin ganin likita. Haka ma idan yaro ya rasa abin da ya riga ya iya, kamar ya daina faɗin kalmomin da yake faɗa. Irin wannan ba a jira a ga abin da hali zai yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ɗaya cikin kowane bakwai daga 'yan shekara 10 zuwa 19 na fama da wata lalurar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan lalurori suna somawa ne kafin a wuce shekara 14.

Wa ya kamata mu fara gani?

Likitan yara, ko likitan da ya saba duba iyalinku. Dalili shi ne cututtukan jiki da yawa suna fitowa da kamar matsalar ɗabi'a. Yaron da kunnensa ba ya ji sosai yakan zama kamar mai taurin kai. Wanda ba ya ganin allo yakan zama kamar malalaci. Ƙarancin sinadarin ƙarfe a jini, matsalar maƙoƙo, da sarƙewar numfashi cikin barci saboda kumburin naman maƙogwaro duk suna iya kawo rashin natsuwa da saurin fushi. Akwai kuma wani nau'in farfaɗiya da ba a faɗuwa: yaro ya ƙura ido ya yi shiru na 'yan daƙiƙoƙi, sau da yawa a rana, malamai su ɗauka mafarkin ido biyu yake yi.

Ku tafi da katin rigakafinsa da awonsa, sakamakon makaranta, sunayen duk magungunan da yake sha, da rubutaccen bayanin abin da kuka lura da shi na mako ɗaya ko biyu: me ya faru, a ina, me ya gabace shi, yaya ya ƙare. Idan halin mai zuwa ne ya wuce, gajeren bidiyo na waya ya fi doguwar magana amfani. Bayan likitan ya kawar da sababin jiki, shi zai ba ku takardar turawa zuwa wanda ya dace.

Mene ne bambancin likitan ƙwaƙwalwa da masanin halayyar ɗan Adam?

Likitan ƙwaƙwalwa likita ne cikakke, ya gama makarantar likitanci kamar kowane likita, sannan ya ƙware a fannin cututtukan tunani da ɗabi'a. Yana duba jiki, yana tura gwajin jini, yana rubuta magani, yana iya kwantar da yaro a asibiti. Masanin halayyar ɗan Adam na asibiti bai bi ta makarantar likitanci ba. Horonsa ya ta'allaƙa ne kan yadda tunani, koyo da ɗabi'a ke ginuwa, yadda ake auna su da gwaje-gwaje, da yadda ake gyara su ta hanyar zaman tattaunawa da horo. A mafi yawan ƙasashe ba ya rubuta magani.

Babu wanda ya fi wani a cikinsu, tambayoyin da suke amsawa ne suka bambanta. Idan tambayar ita ce "me ya sa yaron nan bai iya karatu ba alhali yana da kaifin basira?", ta masanin halayya ce. Idan kuwa yaro yana jin muryoyin da ba kowa ke ji ba, ko ya daina ci da barci, ko ana tunanin magani, ta likitan ƙwaƙwalwa ce. A lalurori masu nauyi sukan yi aiki tare kan yaro ɗaya.

Shekara nawa likitan ƙwaƙwalwar yara ke yi yana horo, kuma na manya ba zai wadatar ba?

A Amurka, bayan digirin farko na shekara huɗu da makarantar likitanci ta shekara huɗu, likita yana yin shekara uku zuwa huɗu a fannin ƙwaƙwalwa na gama-gari, sannan ƙarin shekara biyu kan yara da matasa kaɗai. A Ingila, bayan shekara biyar ko shida na likitanci da shekara biyu na aikin share fage, akwai shekara uku na horon ƙwaƙwalwa na tushe da wasu uku na ƙwarewa kan yara. Fannin ba tsoho ba ne sosai. Likita Leo Kanner ne ya kafa sashen fannin a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka a 1930, kuma shi ne ya bayyana lalurar otizim, mai shafar yadda yaro ke sadarwa da mu'amala da mutane, a rubuce a 1943.

Ƙarin shekarun nan ba ado ba ne. Ciwon damuwa a jikin yaro yakan fito da fushi, ciwon ciki ko ƙin makaranta maimakon kuka da kaɗaici irin na manya. Jikin yaro yana sarrafa magani daban, wasu magungunan da ke aiki ga manya ba su nuna amfani ga yara ba. Sannan yaro ba shi ya kawo kansa ba, dole a iya haɗa maganarsa da ta iyaye da ta malamai. Inda babu na yara, likitan manya da ya saba ganin matasa zai iya taimakawa sosai, musamman ga 'yan shekara 15 zuwa sama. Ga ƙananan yara, ya kyautu ya yi aiki kafaɗa da kafaɗa da likitan yara.

Duk wanda ya karanta ilimin halayyar ɗan Adam zai iya duba yaro?

A'a, kuma nan ne iyaye suka fi ruɗewa. Digirin farko a wannan fanni ilimin littafi ne, bai ba mutum damar tantance yaro ko yi masa jinya ba. Mai aikin asibiti sai ya ƙara digiri na biyu ko na digirgir, gwargwadon dokar ƙasarsa, tare da dogon aiki da marasa lafiya ƙarƙashin sa idon wani babba. A Amurka digirin digirgir ɗin kan ɗauki shekara biyar zuwa bakwai, har da shekara guda ta aikin asibiti, sannan jarrabawar lasisi. A Ingila shekara uku ne na digirgir bayan digirin farko da gogewar aiki, sannan rajista da HCPC, hukumar da ke yi wa irin waɗannan ma'aikatan lafiya rajista.

Akwai kuma masanin halayya na makaranta, wanda ƙwarewarsa ke kan koyo: me ke hana yaro karatu ko lissafi, da irin sauyin da ya kamata a yi masa a aji. Shi ne ya fi dacewa idan matsalar a makaranta ta fi bayyana.

Ina likitan girman yara da likitan jijiya suka shigo?

Likitan girman yara likitan yara ne da ya ƙara horo, shekara uku a Amurka, kan jinkirin girma, otizim da matsalolin ɗabi'a na ƙanana. Shi aka fi tura wa 'yan ƙasa da shekara biyar da ba su yi magana ko tafiya a kan lokaci ba. Likitan jijiya kuwa ana neman sa idan akwai jijjiga, raunin wani sashe na jiki, kai ya yi girma ko ƙanƙanta fiye da kima, ko yaro yana koma baya. Shi ke tura gwajin lantarkin ƙwaƙwalwa na EEG ko hoton ƙwaƙwalwa. Waɗannan gwaje-gwaje suna nuna farfaɗiya ko rauni, amma ba sa gano otizim, ciwon damuwa ko rashin natsuwa.

Wa ke da ikon cewa "ga lalurar da ke damun ɗanku"?

Galibi likitan ƙwaƙwalwa, likitan yara mai horo a fannin, ko masanin halayya na asibiti. A wasu ƙasashe an ba wasu ƙwararrun masu lasisi wannan dama. Malamin aji ba ya cikinsu, duk da cewa abin da ya lura da shi na da matuƙar muhimmanci. Ana dogara ne kan ƙa'idojin da ke cikin kundi biyu: DSM-5 na ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka, wanda ya fito a 2013, da ICD-11 na Hukumar Lafiya ta Duniya, wanda ya fara aiki a 2022.

Ɗauki lalurar rashin natsuwa da yawan kiriniya, wadda ake taƙaitawa da ADHD. Bisa kundin farko, sai yaro ya nuna aƙalla alamomi shida daga cikin tara na rashin mai da hankali, ko shida daga cikin tara na yawan motsi da gaggawa. Sai sun kai wata shida, wasunsu sun bayyana kafin shekara 12, kuma ana ganin su a wuri biyu ko fiye, kamar gida da makaranta. Sharaɗin wuri biyun nan yana kare yara da yawa daga kuskure. Yaron da ke natsuwa a ko'ina sai a aji ɗaya, wataƙila matsalar tana ajin ne, ko ana cin zalinsa a can, ko darasin ne ya fi ƙarfinsa.

Me ake yi a zaman tantancewa, kuma me ya sa yake ɗaukar lokaci?

Tantancewa ta gari tana da sassa huɗu: hira da iyaye tun daga goyon ciki, haihuwa, lokacin da yaro ya zauna, ya yi tafiya, ya yi magana, da tarihin lalurori a dangi, zama da yaron shi kansa, ta hanyar wasa idan ƙarami ne, bayani daga makaranta, sai gwaje-gwaje idan akwai buƙata. Da wuya a gama wannan a zama ɗaya. Wanda ya kalli yaro na minti goma ya sa masa sunan lalura bai tantance shi ba.

Gwaje-gwajen kansu iri biyu ne, kuma bai kamata a gauraya su ba. Akwai na tankaɗe, kamar M-CHAT da iyaye ke cikewa kan yara 'yan wata 16 zuwa 30 don neman alamun otizim, ko SDQ mai tambayoyi 25 kan ɗabi'a da yanayin zuciya. Waɗannan suna nuna wanda ya kamata a ƙara dubawa ne kawai, ba sa yanke hukunci. Akwai kuma na zurfi da sai mai horo na musamman ke gudanarwa, kamar WISC na auna basirar 'yan shekara 6 zuwa 16, da ADOS na lura da mu'amalar yaron da ake zargin yana da otizim.

Abin da ke lalata sakamako sananne ne: a gwada yaro da harshen da ba shi ya fi iyawa ba, ko da hotunan abubuwan da bai taɓa gani ba, ko yana jin yunwa, barci ko tsoro. Maki irin wannan yakan fito ƙasa da gaskiya, kuma idan ya shiga takarda yana iya bin yaro shekaru. Ku tambayi mai gwajin ko ya yi la'akari da harshen yaron, kuma ku nemi rahoto a rubuce wanda ya faɗi abin da za a yi a gida da makaranta, ba lambobi zalla ba.

Su wa ke rubuta magani, kuma me ya wajaba su riƙa dubawa?

Likitan ƙwaƙwalwa, likitan yara, da likitan jijiya. A wasu ƙasashe, irin su Amurka, ma'aikatan jinya masu babban digiri a fannin ƙwaƙwalwa su ma suna rubutawa. 'Yan jihohi kaɗan na Amurka, waɗanda New Mexico ta fara a 2002, sun ba masana halayya masu ƙarin horo wannan dama. Mai ba da shawara, jami'in walwala da malami ba su da hurumin ba da magani ko canza adadinsa.

Rubuta maganin shi ne ɓangare mafi sauƙi, bibiya ce ke nuna ƙwarewa. Metilfenidet, wanda aka fi sani da sunan kasuwa Ritalin, yana rage cin abinci, yana iya hana barci, ya kuma ɗan ɗaga bugun zuciya da hawan jini. Ƙa'idar Ingila ita ce a auna tsawon yaro duk wata shida, nauyin 'yan shekara 10 zuwa ƙasa duk wata uku, bugun zuciya da hawan jini kuma duk lokacin da aka canza adadin maganin. Kafin a fara, dole a tambayi tarihin ciwon zuciya a dangi. Fulokzetin, wato Prozac, wanda Amurka ta amince a ba yara masu ciwon damuwa daga shekara 8, yana ɗaukar makonni kafin amfaninsa ya bayyana. Tun 2004 hukumar magunguna ta ƙasar ta wajabta gargaɗi cewa irin waɗannan magunguna na iya ƙara tunanin kashe kai ga wasu yara, musamman a makonnin farko, shi ya sa ake son ganin yaron a kai a kai a wannan lokaci. Risferidon, da ake ba wasu yara masu otizim saboda tsananin fushi da cutar da kai, yana sa ƙiba da sauri, don haka ana bin nauyi da sukarin jini.

Likitan da bai faɗa muku alamar da yake son maganin ya rage ba, da illolin da za ku sa wa ido, da ranar dawowa, ku tambaye shi kafin ku tashi. Kada kuma a tsayar da maganin damuwa farat ɗaya ba tare da saninsa ba.

Jinya ta hanyar magana, ba hira ce kawai ba?

Idan an yi ta yadda ya kamata, tana da tsari da manufa da ranar ƙarewa. Wadda aka fi samun hujjar amfaninta ga yara masu fargaba da damuwa ita ce CBT, inda ake koya wa yaro gane tunanin da ke tsorata shi, ya gwada gaskiyarsa, sannan ya tunkari abin tsoron mataki-mataki. Yaron da ke tsoron makaranta, alal misali, zai fara da tsayawa a bakin ƙofa, gobe ya shiga na rabin sa'a, a haka har ya iya yini. Yawanci zama 12 zuwa 20 ne, mako-mako, da aikin gida tsakanin zama da zama. Akwai nau'inta na musamman ga yaran da suka ga tashin hankali ko aka ci zarafinsu.

Masu yin ta sun haɗa da masana halayya, jami'an walwala na asibiti, masu ba da shawara masu lasisi, da ma'aikatan jinya masu horo. Muƙamin bai kai horon muhimmanci ba. Ku sani cewa a ƙasashe da dama, har da Ingila, doka ba ta hana kowa kiran kansa mai ba da shawara ba, ko da bai yi horon kirki ba. Duba amsar da ke ƙasa kan tabbatar da cancanta.

Yaron ne ke da matsala, me ya sa ake cewa mu iyaye mu zo horo?

Ba don ana ɗora muku laifi ba ne. Ƙwararre yana ganin yaro sa'a ɗaya a mako, ku kuwa kuna tare da shi sauran lokacin gaba ɗaya, kuma ɗan shekara huɗu ba zai zauna ya yi nazarin tunaninsa ba. Ga ƙananan yara masu taurin kai da faɗa, horon iyaye ne ya fi kowace hanya tasiri. Ƙungiyar likitocin yara ta Amurka ma ta ce ga 'yan shekara 4 zuwa 5 masu ADHD, da shi za a fara kafin a yi zancen magani.

Abin da ake koyarwa a fili yake: ba da umarni ɗaya gajere a lokaci guda, yabon halin kirki nan take tare da ambaton abin da aka yaba, kau da kai daga ƙananan neman hankali, da hukunci mara duka wanda ba ya canzawa daga yau zuwa gobe. A tsarin PCIT, na 'yan shekara 2 zuwa 7, ƙwararren yana kallon uwa ko uba suna wasa da yaron, yana yi musu gyara ta na'urar kunne a daidai lokacin. Abu ɗaya da ya kamata ku sani tun farko: idan kun daina biye wa kuka, sau da yawa kukan yakan ƙaru na 'yan kwanaki kafin ya ragu. Iyaye da yawa a nan suke sarewa, alhali alama ce ta cewa yaron ya lura an canza.

Me mai gyaran magana da mai horar da ayyukan yau da kullum ke yi?

Mai gyaran magana ba i'ina kaɗai yake dubawa ba. Yana auna yadda yaro ke fahimtar magana, yadda yake furta ta, da yadda yake amfani da ita wajen mu'amala. Ga yaron da ba ya magana, yana koya masa sadarwa da hotuna, alamun hannu ko na'ura, kuma wannan ba ya hana bakinsa buɗewa. Alamun da ke sa a nemi shi da wuri: babu gwalan-gwalan a wata 12, babu kalma ko ɗaya a wata 16, babu haɗa kalma biyu a wata 24. Gwajin ji ne ke gaba da komai. Yawancin faɗa da cizon ƙananan yara da ba su iya bayyana buƙatarsu ba yakan ragu da zarar sun sami hanyar cewa "ina so" ko "ba na so".

Mai horar da ayyukan yau da kullum yana taimaka wa yaro da riƙon fensir, sa tufafi, cin abinci da kansa, shiga bayan gida, da jure ƙara ko taɓawar da ke damunsa. Su biyun suna da digirin fanninsu da rajista, amma ba sa ba da magani.

Mun ji ana zancen ABA ga yara masu otizim. Wa ke gudanar da shi?

ABA hanya ce ta rarraba fasaha zuwa ƙananan matakai a koyar da ita da lada, tare da binciken abin da ke jawo wani hali da abin da yaro ke samu daga gare shi. Mataki biyu ne na ma'aikata, kuma tazarar da ke tsakaninsu babba ce. Mai tsara shirin, wanda a Amurka ke riƙe da shaidar BCBA, yana da digiri na biyu da sa'o'i 1,500 zuwa 2,000 na aiki ƙarƙashin kulawa. Wanda ke zama da yaron kullum kuwa horonsa na tushe sa'a 40 ne. Saboda haka ku tambaya sau nawa mai tsarawar ke zuwa ya ga yaron da idonsa.

Wasu manya masu otizim sun koka kan shirye-shiryen da suka tilasta musu ɓoye halayen da ba sa cutar da kowa, kamar kaɗa hannu. Kokensu abin saurare ne. Shiri mai kyau yana sa gaba kan sadarwa, kula da kai da tsaron lafiya, ba ya amfani da azaba, kuma yana barin iyaye su kalli zaman.

Jami'in walwalar jama'a fa, ba mai ƙwace yara ba ne?

Kare yaran da ake cutarwa sashe ɗaya ne kawai na aikinsa. Shi ne ke duban abin da ke kewaye da yaro: rikicin gida, talauci, rashin lafiyar iyaye, korar makaranta, da hanyoyin samun tallafi. Masu aikin asibiti daga cikinsu a Amurka suna da digiri na biyu da kimanin shekara biyu na aiki ƙarƙashin kulawa, kuma suna gudanar da jinyar magana. Idan abin da ke hana yaro barci faɗan da ake yi a gida ne, jami'in walwala zai iya yin abin da magani ba zai yi ba.

Yaya za mu tabbatar mutum ya cancanta?

Ku nemi cikakken sunan shaidarsa da hukumar da ta yi masa rajista, sannan ku bincika a wajen hukumar kanta. Yawancinsu suna da jerin sunaye a intanet. Takardar halartar bita ta kwana uku ba lasisi ba ce. Bayan haka ku yi masa tambayoyi kai tsaye: wane horo ya yi kan yara musamman, ya saba da masu shekarun ɗanku da irin matsalarsa, wace hanya zai bi kuma me ya sa, zama nawa yake hasashe, da me za a auna ci gaba, wa ke sa ido kan aikinsa. Ƙwararren gaske ba ya jin haushin waɗannan tambayoyi, kuma ba ya jin nauyin cewa wani abu ya wuce iyakar saninsa.

Ku yi nesa da wanda ya yi alƙawarin warkar da otizim, ko yake sayar da maganin da shi kaɗai ke da shi, ko ya ce a daina maganin likita, ko ya hana ku sanin abin da ake yi a ɗaki da ɗanku, ko ya yarda da duka, ɗauri ko hana abinci a matsayin gyaran hali.

Za a gaya mana abin da ɗanmu ya faɗa a zaman?

Ga ƙaramin yaro, iyaye suna cikin kusan komai. Ga matashi, ƙwararre yakan riƙe sirrin bayanan hirar, domin matashin da ya san za a kwashe maganarsa a kai gida ba zai buɗe baki ba. Amma sirrin yana da iyaka, kuma ana faɗin iyakar tun zaman farko a gaban kowa: idan yaron yana cikin haɗarin cutar da kansa ko wani, ko ana cin zarafinsa, dole a sanar da wanda zai kare shi. Kuna da haƙƙin sanin manufar jinyar da yadda take tafiya.

Wane hali ne ba ya jiran ranar ganin likita?

Idan yaro ya yi zancen kashe kansa ko ya yi yunƙuri, ya sha magani fiye da kima, ya rikice farat ɗaya musamman tare da zazzaɓi, ya daina ci da sha, ko wuyansa ya sandare idanunsa suka juye sama bayan fara sabon magani, a kai shi sashen gaggawa nan take. Kada a bar shi shi kaɗai, a kuma kawar da magunguna, guba da makamai daga inda zai kai hannu. Tambayar yaro kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa ba ta sa masa tunanin, sau da yawa ma sauƙi take kawo masa.

Inda muke babu waɗannan ƙwararru. Me ya rage mana?

A ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da yawa, likitocin ƙwaƙwalwa ba su kai ɗaya ga kowane mutum 100,000 ba, na yara kuwa sun fi haka ƙaranci. Saboda wannan giɓi ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da shirin mhGAP a 2008, wanda ke horar da likitocin gama-gari da ma'aikatan jinya su gano lalurorin da suka fi yawa su kuma fara kula da su, har da na yara da matasa. Ku tambaya ko akwai wanda ya sami wannan horo a asibitin da ke kusa da ku. Asibitocin koyarwa ne suka fi samun ƙwararru, kuma sau da yawa zuwa ɗaya ko biyu ya isa a tsara abin da likitan kusa zai ci gaba da bi, wani lokaci da tuntuɓa ta waya ko bidiyo.

Mutum huɗu ke ganin ɗanmu, kowa da abin da yake faɗa. Wa za mu bi, kuma yaushe za mu canza?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma sai an san wa ke jagoranci. Ku nemi a ayyana mutum ɗaya, galibi likitan yara ko na ƙwaƙwalwa, wanda duk rahotanni za su riƙa isa gare shi, ku kuma ba da izini a rubuce su riƙa magana da juna da makaranta. Ku ajiye kwafin komai a fayil ɗaya. Saɓanin ra'ayi ba lallai ne ya zama kuskuren wani ba. Yara da yawa suna da lalura fiye da ɗaya, kamar ADHD tare da matsalar karatu ko fargaba, kowane ƙwararre kuma ɓangarensa ya fi gani. Abin da za ku guje wa shi ne fara abubuwa uku a mako ɗaya, domin idan an sami sauƙi ko illa ba za a san daga ina ta fito ba.

Game da canji, kowace hanya da lokacinta. Maganin ADHD irin su metilfenidet yana nuna tasiri a ranar da aka sha, ko da yake daidaita adadinsa kan ɗauki makonni. Maganin damuwa yana buƙatar mako huɗu zuwa shida. A jinyar magana, idan an yi zama shida zuwa takwas babu wani motsi a manufofin da aka rubuta tun farko, ku zauna da ƙwararren a sake duba ko ganewar farko daidai ce, ko hanyar ce ba ta dace ba, ko kuwa jinin yaron ne bai haɗu da nasa ba. Neman ra'ayin ƙwararre na biyu haƙƙinku ne. Idan za ku koma wani wuri, ku karɓi taƙaitaccen rahoton abin da aka gwada, adadin magungunan da tsawon lokacin da aka sha su, don kada sabon ya sake farawa daga tushe.